Maƙeran Sakai da Wuƙarsu Mai Ƙarfe Biyu

Ka sani, ya mai karatu, a ƙasar Japan, kudu kaɗan da birnin Osaka, akwai wani gari a bakin teku da a ke kira Sakai. Galibin manyan masu dafuwa na ƙasar, waɗanda wuƙa ta zame musu abin da ma'auni ya zame wa ɗan kasuwa, daga wannan gari su ke sayen tasu. Wuƙa ce marar ado, ba azurfa ba jan gaci, ƙotarta ma farin itace ne kurum. Duk da haka guda ɗaya ta kan ci kuɗin wuƙaƙen kanti masu yawa. Abin da ya jawo mata wannan daraja yana wuri biyu, watau inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, da sa'ar da aka tsoma ta cikin ruwa. Mai saye ba ya nan lokacin da a ke yin su, kuma ko ya juya wuƙar gaba da baya har rana ta faɗi ba zai gane ko an kyautata su ba. Shi ya sa mutanen Sakai suka tsara sana'arsu yadda aibin da ya ɓuya ga mai saye ba zai ɓuya ga abokin aiki ba.

Ƙira ta daɗe a garin. Akwai wani kabari na wani sarkinsu na dā a can, tudu ne da aka tara da hannu a ƙarni na 5, tsawonsa mita 486, an ce maƙeran da suka yi fatanya da shebur na wannan aiki su ne tushen sana'ar. A shekarar 1543 mutanen Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindigogi, ba a jima ba Sakai ta zama wurin ƙera su. Bayan bindiga sai taba ta shigo, mutane suka kamu da ita, a ka bukaci wuƙar da za ta yanka ganyen siriri kamar zare. Maƙeran Sakai suka gwanance a wannan, har gidan Tokugawa, sarakunan yaƙin da suka riƙe ƙasar daga 1603 zuwa 1868, suka ba su hatimi na musamman mai suna Sakai kiwame, a na buga shi bisa wuƙar taba domin shaida cewa ta gaske ce. Masu talla a yau sun fi son su ce wuƙar dafuwa 'yar takobi ce, gama takobi ya fi taba daɗin faɗi. Akwai gaskiya a ciki, domin da hukuma ta hana yawo da takobi a 1876 maƙeran takubba da yawa sun koma yin kayan yanka na gida, musamman a garin Seki. Amma ita Sakai, taba da bindiga ne suka yi mata suna.

To, me ya sa ƙarfe biyu? Ƙarfe mai tauri, wanda su ke kira hagane, shi ne mai ɗaukar kaifi ya riƙe shi, amma ba shi da haƙuri, in ya sha bugu sai ya tsage ko ya ɓalle. Ƙarfe mai laushi, jigane, ba ya kaifi, amma ya kan tanƙwara ba tare da ya karye ba, ga shi da sauƙin washi. Sai su ɗora siririn falle na mai taurin bisa kauri na mai laushin, wannan ya yi yanka, wancan ya goya shi. Bambancinsu kuwa ɗan sinadarin gawayi ne da masana ke kira kabon, wanda a cikin hagane ya ɗara kashi ɗaya cikin ɗari kaɗan, a cikin jigane kuwa kusan babu shi.

A dā daga baƙin yashi su ke narkar da tamarsu, cikin tanda na yumɓu da su ke kira tatara, a yi kwana uku dare da rana a na zuba yashi da gawayi. Har yanzu akwai irin wannan tanda a lardin Shimane, wanda aka farfaɗo da shi a 1977, amma abin da ya ke fitarwa na maƙeran takubba ne, da wuya ya shiga wuƙar dafuwa. Maƙeran Sakai daga masana'anta su ke saye, galibi ta garin Yasugi a wannan lardin, ta kamfanin da aka sani da Hitachi Metals kafin ya sake suna zuwa Proterial a 2023. Iri biyu ne suka fi shahara, shirogami da aogami, watau farar takarda da shuɗiyar takarda. Ƙarfen kansa ba fari ba ne ba shuɗi ba, launin takardar da a ke liƙa masa ne domin kada a gauraya su ya bi shi. Farin tsantsa ne, ya fi ɗaukar kaifi da saurin washi. Shuɗin an ɗan ƙara masa wasu ma'adinai biyu, kaifinsa ya fi jimawa, kuɗinsa kuma ya fi.

Maƙeri ya kan sa jigane a wuta har ya yi ja, ya fitar da awartaki, ya barbaɗa masa wani gari da aka haɗa da farin gishirin nan boraks da garin ƙarfe, sa'an nan ya aza guntun hagane a kai ya mayar wuta. Amfanin garin shi ne ya narke ya wanke dattin da wuta ke haifarwa tsakanin fuskokin biyu. In zafi ya kai wajen digiri 1,000 sai ya ciro ya buga bisa uwar maƙera da sauri, su zama jiki ɗaya. Nan ne wuri na farko mai haɗari. In wuta ta gaza, haɗin ba zai kama ba, a bar 'yar kafa a ciki wadda ba ta ganuwa daga waje. In ta yi yawa, hagane ya ƙone, ƙarfinsa ya tafi, ba kuwa dabarar da za ta komo da shi. Gwanayensu su kan tsaya ga mafi ƙarancin zafin da haɗi zai yiwu da shi, ko da ya ke haka ya fi wahalar bugu. A lura, in an ce ƙirar hannu ba a na nufin babu inji ba. Tun tuni guduma mai aiki da lantarki ta karɓi aikin yaran da ke buga masaba. Abin da ya rage wa hannu shi ne riƙo da juyawa, abin da ya rage wa ido kuwa shi ne sanin launin wuta.

Bayan an miƙar da ƙarfen an fitar da siffa da wutsiyar da za ta shiga ƙota, sai a sake ɗumama shi a binne cikin tokar bambaron shinkafa ya kwana yana hucewa a hankali, domin jikinsa ya saki. Kashegari a kankare ɓawon wuta, a yi masa bugun sanyi, a yanke gefuna bisa ma'auni.

Sa'an nan a zo ga ba ta ruwa, wanda su ke kira yaki-ire. A shafe wuƙar da tsararon laka a bar ta ta bushe. Wanda bai sani ba zai zaci laka za ta hana sanyi shiga, alhali akasin haka ne. Jan ƙarfe tsirara in ya shiga ruwa tururi ya kan lulluɓe shi ya raba shi da ruwan, wani wuri ya huce wani wuri ya makara, ita kuwa laka ta kan karya wannan lulluɓi, sanyi ya kama ko'ina lokaci guda. Da yawansu gawayin wani itace da su ke kira matsu su ke hurawa a wannan mataki, gama wutarsa tana da saurin bin umurni. A rufe tagogi a rage haske, domin rana ta kan ruɗi ido game da launin ƙarfe. Zafin da a ke nema wajen digiri 800 ne, ratar da ke tsakanin daidai da ɓarna kuwa 'yar kaɗan ce. In launin ya yi, sai ya tsunduma ta a ruwa gaba ɗaya, cikin ƙiftawa kaɗan an gama. Wuƙar da aka gaza mata wuta ba za ta riƙe kaifi ba, wadda aka zarce mata kuwa bakinta zai riƙa ɓarewa kamar gishiri. Su biyun da ta ƙwarai kamanninsu ɗaya a wannan rana.

Da ta fito tana da tauri har ya yi yawa, sai a mayar da ita wuta mai sauƙi, ƙasa da digiri 200 ko wajen haka, a rage mata gautsi. Tsofaffin maƙera su kan yayyafa mata ruwa su dubi yadda ɗigon ke birgima bisa ƙarfen, da haka su ke sanin ta isa. Kuma da ya ke hagane ya kan ɗan kumbura in ya sha ruwa, jigane kuwa ba ya yi, sai wuƙar ta karkace, dole a miƙe ta da ƙaramar guduma. Wannan jayayya ta ƙarfe biyu ba ta ƙarewa nan take, har bayan watanni wuƙa ta kan sake motsi, saboda haka waɗansu su kan ajiye ta ta huta kafin a wasa. Akwai kuma wadda a ke yi da hagane zalla ba goyo, sunanta honyaki, a na yi wa gadon bayanta laka mai kauri kamar yadda a ke yi wa takobi. Ta kan tsage a ruwa sau da yawa, masu yinta kaɗan ne, tsadarta kuwa sai wanda ya isa.

Daga nan aikin maƙeri ya ƙare. A Sakai maƙeri ba ya washi, mai washi ba ya ƙira, mai ƙota kuma daban, kamar yadda majemi da baduku suka raba aikin fata. Baƙar wuƙa marar kaifi za a kai gidan mai washi, shi kuwa ya ɗaure ta bisa katako ya danna ta ga wani babban dutse mai juyawa cikin ruwa. Fuska ɗaya kaɗai ya ke karkatarwa zuwa baki. Ɗaya fuskar, wadda hagane ya ke, sai ya ɗan rarake ta ta yi kwari kaɗan, yadda in an kwantar da ita bisa dutse gefunanta ne kawai za su taɓa, abin da aka yanka kuma ba zai manne mata ba. Tsakanin dutse da dutse yana ɗaga ta ga haske yana duban miƙewarta, yana gyarawa da wani itace mai tsaga.

A nan asirin maƙeri ke tonuwa. Kafar da ta ɓuya a haɗi, da dutse ya ci saman sai ta bayyana kamar baƙin zare. Ƙarfen da ya ƙone ko ya gaza ruwa, hannun mai washi ya kan ji shi kafin ido ya gani. Ba shi kuwa da dalilin rufa wa kowa asiri, domin in ya wasa mugun ƙarfe ya fita, shi ma sunansa ya ɓaci wurin dillali. Sai ya mayar. Maƙerin da a ke yawan mayar wa kaya ba ya bukatar mai yi masa wa'azi. Mutum ɗaya mai yin kome da kansa ya fi sauƙin yafe wa kansa.

Ƙarshen washi shi ne a goge jigane da garin dutse ya yi hazo-hazo, hagane kuwa ya yi sheƙi, layin da ya raba su ya fito sarai. Wannan hazo ne ya ba wuƙar sunan kasumi. Mai ƙota sai ya ɗumama wutsiyar ya cusa ta cikin ƙotar itacen ho, mai zobe na ƙahon ɓauna, ya buga gindin da gudumar katako har ta zauna. Itacen ba shi da nauyi, ba ya santsi in ya jiƙe, in ya tsufa a cire a sa wani.

Siffofin wuƙaƙen abincin ƙasar ne ya yanka musu. An daɗe a na ƙyamar naman dabba a Japan, tun wata doka ta shekarar 675, har sarkinsu ya ci naman sa a 1872 aka saki jiki. Saboda haka kifi da ganye aka yi wa wuƙa. Deba mai kauri ce ta fasa kan kifi da raba shi da ƙaya, an ce wai ta ci sunan wani maƙerin Sakai ne mai haƙora a waje. Usuba ta kayan lambu ce. Yanagiba doguwa ce siririya, daga inci 9 zuwa 13, ta yankan ɗanyen kifi da ja guda daga gindi zuwa tsini, domin in aka yi ta kai da komowa naman ya kan dagule. Da ya ke kaifin gefe ɗaya ne, bahago sai an ƙera masa tasa, da ƙarin kuɗi.

Sunan da a ke sassaƙawa a jikin wuƙar fa, sau da yawa ba na maƙeri ba ne ba na mai washi ba, na dillalin da ya ba da aikin ne, shi ya zaɓi wanda zai buga da wanda zai wasa, shi kuma zai amsa in an kawo ƙara. Maƙeri ɗaya ya kan yi wa kantuna da yawa aiki, kowanne da sunansa. A 1982 hukumar Japan ta sa ƙirar Sakai cikin sana'o'in gargajiya da a ke kiyayewa, ba a kuwa ba mutum shaidar gwaninta sai ya shekara 12 a aikin, ya kuma ci jarrabawa. Nan matsalar yau ta ke. Masu saye daga Amurka da Turai sun yawaita, gwanaye sun tsufa, yaran da za su jure shekarun koyo sun yi ƙaranci, har a kan jira watanni kafin wuƙar wani sanannen maƙeri ta samu. Inda kaya suka yi wuya suna kuma ya yi tsada, ba a rasa mai sayar da sunan kaɗai. Akwai wuƙaƙen da a ke yankowa daga fallen ƙarfe wanda masana'anta ta riga ta haɗa, ba laifi gare su in an faɗi abin da su ke, laifin ya na ga wanda ya kira su ƙirar wuta ya karɓi kuɗinta.

Ɗan kasuwan da zai sari irin wannan kaya sai ya tambayi abu uku kafin ciniki: wane ƙarfe ne, wa ya buga, wa ya wasa. Dillalin kirki ya kan faɗi na farko ba gardama, sauran biyun in ya ɓoye domin kishin kasuwa sai ya ɗauki lamuni a mayar masa in aibi ya fito. A ɗaga wuƙar a dubi gadon bayanta daga ƙota zuwa tsini ko ta miƙe, a bi layin haɗi da ido ko akwai baƙin zare. A kuma gaya wa mai saye tun da wuri cewa tana tsatsa in an bar ta da laima, ba a sara ƙashi da ita, ba a wasa ta da magagari ko bakin turmi, sai da dutsen ruwa mai laushi, fuskar nan mai kwari kuwa a kwance a ke shafa ta, sau kaɗan.