Kyamara huɗu, allo ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama gaban Télé Sahel lokacin kokowar takobi ya ga wannan aiki, ko da bai san sunansa ba. Ana nuno ɗan kokowa yana kirari, kafin ka ƙifta ido an koma kan makaɗi, sai ga fili gaba ɗaya, sai ga ƙafa ta sarƙe ƙafa. Kyamarori da yawa ne ke ɗauka lokaci guda, mutum ɗaya kuma yana zaune yana zaɓen wadda za ta fita. Tun 1975 aka fara gasar a Tawa, kuma an daɗe irin wannan haɗin hoto sai gidan talabijin mai mota cike da na'urori.

Yau kwamfutar hannu mai ƙarfi ta wadatar. Manhajar OBS Studio, wadda ta fito a 2012, kyauta ce. vMix ta kuɗi ce. Kowace kyamara da ƙofarta: wata ta igiyar HDMI da ɗan akwatin da ke miƙa hoto ga kwamfuta, wata kuwa salula ce kawai a kan Wi-Fi. Mai haɗawa yana da taga biyu, ɗaya ta hoton da ke jiran layi, ɗaya ta wanda jama'a ke gani a majigi ko a Facebook.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne sauti. Hoto ya fi murya nauyi, don haka yakan makara a hanya. Idan hotuna 25 ke wucewa a daƙiƙa, jinkirin biyar kacal ya isa ka ji ganga ta yi ƙara alhali a allo makaɗi bai sauke hannu ba. Maganin mai sauƙi ne. A ɗauki sauti daga wuri ɗaya tak, wani ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu, a yi ta jinkirta sautin a manhaja har tafin da ƙararsa su haɗu. Sai kuma batun kuran, wato wutar lantarki: in babu batirin ko-ta-kwana, kada a fara. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu ma ba sa raga wa kwamfuta, inuwa take so.

Abin da ya sa na damu shi ne Takieta. Gari ne na mahaɗa, hanyar Damagaram da Maraɗi ta ratsa shi, ta Matamaye ta ɓalle kudu zuwa Daura. Ana kokowar kaka, ana saukar karatu, ana biki, ƴan uwa kuma suna Kano da Agadas suna marmarin gani. Ba sai an jira filin kokowa na Langa-Langa a Damagaram ba.

Samarin Takieta, ku fara da kyamara biyu. Ku kafe ɗaya ta riƙe fili duka, kada kowa ya taɓa ta. Da zarar ƴan kokowa sun kama juna, ku tsaya a kansu har a yi kaye. Mai kallo ba ya yafe wa wanda ya nuna masa makaɗi a lokacin da ƙato ke shan ƙasa.