Tankar Mai da Ran Soja: Darasin Sangin

A shekarar 2006, Manjo Janar Richard Zilmer, wanda ke jagorantar dakarun Amurka a lardin Anbar na Iraƙi, ya aika wa manyansa buƙatar gaggawa. Abin da ya roƙa shi ne farantan sola da injinan iska, domin yaransa na mutuwa a kan hanya wajen rakiyar tankokin man da janareto ke sha.

Wani nazari da rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa a Afganistan, cikin kowane ayarin mai 24, ana kashe ko jikkata mutum ɗaya. A lokacin, kaya masu yawa daga tashar ruwa ta Karachi suke tasowa, su ratsa Torkham ko Chaman, kuma Pakistan ta taɓa rufe waɗannan ƙofofi daga Nuwamba 2011 har Yuli 2012.

An gwada maganin a Sangin, lardin Helmand, a 2010. Wani rukunin dakarun Marin na Amurka ya shiga da farantai da batura, har da sola mai naɗewa kamar tabarma wadda soja ke sawa a jaka. Ƙananan sansanoni biyu suka dogara da rana kaɗai, masu sintiri kuma suka yi mako uku ba a kai musu sabbin batura ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya a tsakar rana ya san darajar kilo ɗaya da aka sauke masa.

A ganina, abin koyi ya fi yawa a lissafin da ake yi kafin a tashi. Me zai ci wuta, da wane lokaci? Rediyo da kwamfuta ba su da ci. Na'urar sanyaya tanti ce ke lashe mai. Sau da yawa babban janareto kan kwana yana ruri saboda ɗan ƙaramin aiki, yana ƙona dizal a banza, injin kuma yana lalacewa. Idan aka haɗa shi da batura da sola, sai ya yi aiki da ƙarfinsa na 'yan sa'o'i, ya cika batura, a kashe shi. Shirun ma kariya ne, don abokin gaba da kunne yake farauta.

Sai dai ƙura na rage ƙarfin faranti, zafi na cin batir, kuma sola ba ta tuƙa tankar yaƙi. Dole mai tsarawa ya tanadi wanda zai goge farantai kowace safiya, da makanikin da ya iya gyara inbata a daji.