Injin Bugu Ɗaya, Kwamfuta Goma: Haɗin Na'urori a Makarantun Katsina

Tun da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, aikin malanta bai rabu da yawaita takardu ba. A da, allon bango da hannun magatakarda su ke ɗaukar nauyin. Yau kuwa, a wurare irin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, aikin ya koma kan kwamfuta. To, tun da ba kowane malami ne za a saya wa injin buga takarda nasa na kansa ba, sai dabara ta zama a haɗa na'urorin su yi tarayya a kan guda.

Asalin wannan dabara daga Amurka ne. A 1973 Robert Metcalfe, a ɗakin binciken kamfanin Xerox, ya tsara hanyar da a ke kira Ethernet. Yadda a ke yi shi ne, a ja waya daga kowace kwamfuta zuwa wani ƙaramin akwatin rarrabawa, injin bugun ma a ja masa tasa. Sa'an nan a ba injin lambar adireshi tsayayya, don in lambar ta sauya, sauran na'urori ba za su same shi ba. Takardun da aka aika su kan yi layi, na fari shi a ke fara bugawa.

Fakas kuwa ya girmi tarho, gama Alexander Bain, mutumin Sikotilan, ya yi rajistar dabararsa a 1843. Hoton shafi ya ke aikawa, saboda haka rubutun ajami ya kan isa yadda aka rubuta shi. Amma yana bukatar layin tarho na ƙasa, kuma tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 waɗannan layuka suka ja baya. Yanzu akasari a kan ɗauki hoton shafin ne a aika ta intanet.

Abin da ya fi shafar masu nazarin Hausa shi ne haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Ko da ya ke tsarin Unicode ya ƙunshe su tun 1991, ba kowane salon haruffa ke da su ba. In malami ya rubuta jarrabawa a kwamfutarsa, aka buɗe ta a wata wadda ba ta da salon, sai haruffan su fito gurbi-gurbi. In kuwa mai bugu ya cike gurbin da baƙi maras lanƙwasa, "ƙafa" ta koma "kafa", ma'ana ta ɓaci a hannun ɗalibi.

Maganinsa biyu ne: a sa salon haruffa iri ɗaya a dukan na'urorin sashe, kuma a mai da takarda tsarin PDF tare da haruffanta kafin ta bar hannun mai ita. Har wa yau, kada a buga ɗari sai an duba ɗaya da ido.