Daga Fadar Shugabanni Zuwa Murhun Gida

Yau za mu yi magana a kan matsi da tsamin dangantaka. Mukan raba su kashi-kashi, mu ce wannan na wurin aiki ne, wancan na gida, na siyasa da na ƙasashe kuwa na manya ne, ba ruwanmu. Amma bari mu duba abin da ya faru tsakanin Nijeriya da Nijar.

Ran 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar.

To, ina rikicin ya sauka? Ya sauka a Jibiya da Illela, da Maraɗi da Birnin Ƙonni. Manyan motoci suka yi layi, kaya suna lalacewa. Direba ba tafiya, ɗan dako ba lodi, mai abinci a tasha ba ciniki. Ga shi kuwa wata biyu kafin nan aka cire tallafin man fetur a Nijeriya, kome ya yi tsada. Maigida ya dawo hannu wofi, matarsa ta tambayi kuɗin cefane, ya amsa da tsawa. Yaro ya sha duka a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Mu ma da muke shugabanci a ikkilisiya mukan yi kuskure a nan. Sai mu kira miji da mata mu yi musu faɗa a kan rashin haƙuri, ba mu ko tambaya ko akwai hatsi a gidan.

A Littafin Farawa sura 13 matsin ya bi wata hanya dabam, daga wurin aiki ya hau zuwa dangi. Dabbobin Abram da na Lutu sun yi yawa, wurin kiwo bai ishe su ba, makiyayansu suka fara husuma. Abram bai tsaya neman mai laifi ba. Ya gane ƙasar ce ta yi musu kaɗan, sai ya tuna wa Lutu su 'yan'uwa ne, ya bar shi ya fara zaɓa, ko da yake shi ne babba. Lutu ya ɗauki kwarin Urdun mai dausayi.

An buɗe iyakar a watan Maris na 2024, motoci suka koma hanya. Sai dai sanarwar gwamnati ba ta shiga gidajen da aka yi wata bakwai ana jifan juna da baƙar magana ba. Waɗannan gidaje suna jiran dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata su yi sallama.