Wasan Ƙamus da Amfaninsa ga Malamin Makaranta

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in bayyana muku wani wasa da muke yi a ɗakin kwananmu kowane daren Asabar, domin ina ganin yana da amfani ga duk wanda zai tsaya gaban yara da alli a hannu. Amma kafin nan sai na fara ba ku labarin abin kunyar da ya sa na riƙe shi hannu biyu.

Bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, aka ba ni aji 4 a wata makarantar firamare, yara 42. Ran nan muna karatun Hausa sai muka ci karo da kalmar "gafaka". Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mene ne gafaka?" Ni kuwa a makarantar mishan na tashi, ban taɓa zama makarantar allo ba, kalmar ma ban taɓa jin ta ba. Na ji nauyin in ce ban sani ba. Sai na gyara murya na ce, "Wani irin takalmi ne na fata da mutanen dā suke sawa." Na rubuta a allo, yara suka kwafe a littattafansu.

Kashegari da safe wata yarinya ta durƙusa ta ce, "Malam, kakana ya ce a gaishe ka. Ya ce gafaka jaka ce ta fata wadda malamai ke sa Alƙur'ani da littattafai a ciki, shi kuwa tun da yake bai taɓa ganin wanda ya taka ta ba." Aji ya fashe da dariya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin nan, da na shige. Abin da ya fi damuna shi ne, da ba domin tsohon nan ba, da yara 42 sun girma da ƙaryata a kansu, don kawai na faɗe ta da muryar malami.

Da muka komo kwaleji na gaya wa malaminmu na Hausa. Ya yi dariya har da hawaye, sa'an nan ya ce, "Ai wasan ƙamus ka yi, sai dai ka yi shi inda ba a yinsa." Shi ne ya koya mana.

Wasan nan na Turawa ne, suna yinsa a gidajensu da ƙamus da 'yan takardu. A 1965 gidan talabijin na BBC a Ingila ya fara wani shiri mai suna Call My Bluff, inda ake kasa mutane gida 2, kowane gida mutum 3. Gida ɗaya su kawo kalma mai wuya da ma'ana 3, ɗaya ce kaɗai ta gaskiya, ɗaya gidan su zaɓa. A 1984 kuma aka fito da irinsa cikin kwali a ƙasar Kanada, ana sayarwa da sunan Balderdash. Mu dai ba mu bukatar kwali. Abin da muke bukata yana nan a laburarenmu.

Ga yadda muke yinsa. Mutum 5 zuwa 8 za su zauna, kowa da fensir da 'yar takarda, takardun kuwa duk iri ɗaya. Mutum guda zai riƙe ƙamus, shi ne mai ƙamus. Zai nemo kalma ya karanta ta da ƙarfi, ya tambaya ko akwai wanda ya san ta. In akwai, tilas ya faɗi gaskiya a sake wata. In babu, sai kowa ya ƙago ma'ana daga kansa ya rubuta, ya yi ƙoƙari ta yi kama da maganar ƙamus. Shi kuma mai ƙamus ya rubuta ta gaskiya a tasa takardar. Sa'an nan ya tattara duka, ya cakuɗa, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da murya guda, ba murmushi, ba ƙifta ido. Daga nan kowa ya faɗi wadda ya yarda da ita.

Wanda ya gane ta gaskiya ya ci 1. Wanda aka zaɓi ƙagensa ya ci 1 a kan kowane mutum da ya ruɗa. In kuwa ba wanda ya gane ta gaskiya, mai ƙamus ya ci 3. Sai ƙamus ya koma hannun na kusa da shi, har ya zagaya kowa.

Game da ƙamus, mun fi yin amfani da na Bargery, wanda aka buga a 1934, mai kalmomi sama da 39,000. Akwai kuma na Abraham na 1949. Su biyun nan da Turanci suke ba da ma'ana, saboda haka sai mai ƙamus ya juya ta da Hausa kafin ya rubuta. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ya fi sauƙi wajen nan, gama Hausa yake fassarawa da Hausa.

Bari in kawo misali. Wani dare muna mu 7, mai ƙamus ya ce, "Makuba." Kowa ya yi tsit. Bayan an rubuta, cikin abin da aka karanta mana har da waɗannan: "Matar da mijinta ya daɗe a fatauci." "Busasshiyar kuɓewa da aka daka." "Wurin da ake ajiye makullan ƙofar gari." "Ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafa wa bango ko daɓe domin ya yi ƙarfi." Mu 4 muka zaɓi ta makullai, har da ni. Ashe ta ɗorawa ce gaskiya, magina sun san ta sarai. Ta makullai kuwa wani abokinmu ɗan Pankshin ne ya ƙaga ta, wanda sai da ya shiga makaranta ya koyi Hausa. Da muka tambaye shi dabararsa, sai ya ce ya san kuba makulli ne, ya kuma lura Hausawa na sa "ma" a farkon kalma in suna nufin wuri, kamar makaranta da maƙera da majema da marina. Watau ya bi ƙa'idar harshen ya kayar da masu harshen.

Abin da na koya daga wasan nan kashi 3 ne. Na farko, ya nuna mini iyakar sanina. Dā ina tsammani tun da Hausa na sha a nono, ba abin da ya rage mini. Ashe kowace sana'a da kalmominta. Maƙeri yana da masaba da awartaki da zugazugi. Masaƙi yana da ƙoshiya, mai kaɗi tana da mazari. Mahayi yana da lifidi da likkafa. Wanda ya tashi a gari cikin kayan roba ba lalle ya san akushi ko tandu ko ragaya ba, ga shi kuwa suna cike da littattafan da za mu karantar.

Na biyu, ya koya mini yadda ake gina ma'ana. Duk mai son ya ruɗi abokansa tilas ya lura da yadda ƙamus ke magana: ya fara faɗin jinsin abu, ko jaka ce ko itace ko tsuntsu, sa'an nan abin da ya raba shi da 'yan'uwansa, sa'an nan amfaninsa, duk a taƙaice. Wannan kuwa shi ne aikin malami kullum a aji.

Na uku, ya sa na daina gaskata magana don daɗinta kawai. Sau da yawa ma'anar ƙarya ta fi ta gaskiya santsi, domin mai ita ya goge ta don a saya.

Wani daga cikinmu ya ƙi shiga, ya ce tun muna yara aka hore mu kada mu yi ƙarya, ga shi muna ba maƙaryaci lada. Na girmama maganarsa, amma ga yadda nake gani. Ba wanda ke kiran mai tatsuniya maƙaryaci, gama kowa ya san abin da aka zauna yi. A wasan nan an yi sharaɗi tun farko, a ƙarshe kuma ana buɗe ƙamus kowa ya gani. Ƙarya ita ce wadda na yi a aji 4, inda ba wanda ya san ƙage nake yi.

Duk da haka, wanda zai kai shi aji sai ya yi hankali, don yaro yakan riƙe abin da ya ba shi dariya ya manta da na gaskiya. Kada a wuce kalma 3 a darasi guda. A ɗauko su daga littafin da yara ke karantawa. Da an gama a goge na ƙage duka, a bar ta gaskiya kaɗai a allo, kowane yaro ya yi jimla da ita. In abin yana samuwa a gari, a aro shi a kawo su taɓa da hannunsu. Inda ba ƙamus, a aiki yara su tambayo kakanninsu da masu sana'a, kowa ya zo da kalma guda.

Haka na yi a gwajin koyarwa na bana, yara kuwa suka kawo mini kalmomi 5 da ban sani ba. Kowace na ce musu, "Ban san ta ba, ku koya mini." Ban ga girmana ya ragu ba.

Duk mai so ya zo ran Asabar bayan abincin dare, ya taho da fensirinsa. Allah ya sa mu zama malamai masu gaskiya. Amin.