Yadda Ake Ɗora wa Kwamfuta Manhajar Gudanarwa Ba Tare da Faifan CD Ba

Sau da yawa a sakatariyoyin ƙananan hukumomi da makarantu da ɗakunan shan magani na karkara, akan jingine kwamfuta saboda manhajar da ke gudanar da ita ta lalace, ga shi kuma na'urar karanta faifai ta daina aiki. Wannan na'ura tana da saurin lalacewa, domin ƙura takan rufe ɗan gilashin da ke haska faifan. Amma lalacewarta ba ta nufin kwamfutar ta mutu. Filashi mai girman gigabait 8 ko fiye zai yi aikin faifan, har ma ya fi shi sauri.

Kafin komai, wajibi ne jami'in da ke kula da kwamfutar ya kwashe muhimman takardu, kamar jadawalin albashi da rajistar ɗalibai, zuwa wani wurin ajiya. Ɗora sabuwar manhaja kan iya shafe duk abin da ke cikin rumbun kwamfuta. Idan ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai a ciro rumbun a haɗa shi da wata kwamfutar a kwashe su.

Daga nan sai a nemi kwamfuta mai lafiya da intanet mai ƙarfi, a sauko da fayil ɗin manhajar, wanda ake kira ISO, daga shafin kamfanin da ya yi ta. Kwafe fayil ɗin kawai cikin filashi ba ya wadatarwa. Sai an yi amfani da wata manhaja, kamar Rufus wadda kyauta ce, domin ta mayar da filashin abin da kwamfuta za ta iya tashi daga gare shi. Ita ma za ta shafe duk abin da ke cikin filashin. Rufus takan nemi a zaɓi MBR ko GPT: tsofaffin kwamfutoci masu tsarin BIOS suna buƙatar MBR, sababbi masu UEFI kuwa GPT. A nan ne mutane da dama ke kuskure, har su ɗauka filashin ne ba shi da kyau.

Bayan an soka filashin a kwamfutar da za a gyara, sai a kunna ta a riƙa danna madannin zaɓen wurin tashi: F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo. A zaɓi filashin, a bi umarnin da ke fitowa a allo. Kada a fara wannan aiki sai an tanadi janareta ko cikakken caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiya kan sa a koma farko.

Wace manhaja za a ɗora? Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, wadda akasarin tsofaffin kwamfutoci ba su da ita. Irin waɗannan sun fi dacewa da Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ba a biyan kuɗin lasisinsu, kuma sun isa aikin rubuta wasiƙu da lissafi. Kwamfutar da ta tsufa har ba ta iya tashi daga filashi kuwa, sai a gwada canza mata na'urar karanta faifan da wata da aka ciro daga kwamfutar da ta mutu.