Dalilin da ya sa ake ƙayyade lodi, da dalilin tsayawar manyan motoci a hanya

Iyalai da dama sun tambaye mu me ya sa ake hana ƙara kaya a babbar mota alhali akwai sauran wuri, kuma me ya sa direba ke tsayawa a gefen hanya ya bar inji yana aiki. Amsar duka biyun ɗaya ce: zafin man giya.

Inda zafin ke fitowa

Wasu manyan motocin da ke ɗauko ruwa, abinci da kayan jama'a masu giya otomatik ne. Irin waɗannan ba su da kulocin da ake takawa. Wani jan mai ne a cikin giyabos yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ne kuma yake sanyaya ƙarafan ciki. Idan lodi ya yi yawa, ko mota na hawan tudu, ko tayoyi sun nutse a yashi, inji yana juyawa da sauri amma motar ba ta ci gaba sosai. Ƙarfin da bai kai ga tayoyi ba sai ya koma zafi a cikin man.

A hanyoyin Marwa da Mokolo da ke gindin duwatsun Mandara, akwai hawa, ga ƙura da ke toshe lagireto, ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40.

Abin da direba ke dubawa

Man giya na aiki lafiya tsakanin digiri 70 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya kai wajen digiri 120, an shiga haɗari: man ya fara ƙonewa, robobin ciki su taurare, giya ta riƙa sulɓewa. Shi ya sa direba ke sa ido kan agogon zafi ko fitilar gargaɗi da ke gabansa. Wannan dabam yake da agogon zafin ruwan inji, domin inji na iya zama lafiya giya tana dahuwa.

Idan zafi ya hau, direba zai tsaya a wurin da ba haɗari, ya ja birki, ya sa giya a firi, ya ɗan taka totur na 'yan mintoci. Ba ya kashe inji, domin inji ne ke juya fanka da famfon da ke zagaya da man zuwa wurin sanyaya shi. Tsayuwar minti kaɗan ta fi kwana a daji ana jiran makanike, da yara da tsofaffi a cikin rana, ko tankar ruwa ta kasa isowa sansani.

Ga matasanmu masu koyon tuƙi da yaran mota

- A sauko zuwa ƙaramar giya kafin a fara hawan tudu.
- Idan mota ta kafe a yashi ko taɓo, kada a dage da totur. A haƙa, a rage kaya.
- A duba man giya: lafiyayye ja ne garau. Idan ya yi duhu yana warin ƙuna, a gaya wa makanike.
- A kakkaɓe ƙura da ciyawa daga lagireto, amma kada a buɗe murfinsa da zafi.

Abin da muke roƙon iyalai

Ku kawo kayanku a auna kafin ranar tafiya, kada a cusa buhu bayan an gama lodi. Idan mota ta tsaya, ku riƙe yara, kada su kusanci inji ko su shiga ƙarƙashinta. Kada ku matsa wa direba ya tashi kafin zafi ya sauka. Wanda ya ji warin ƙuna ko ya ga jan mai yana ɗiga, ya sanar da direba nan take.

Mai tambaya kan nauyin kaya ya tuntuɓi shugaban unguwarsa ko ma'aikatanmu a ofishin sansani.